Mudun wake da mudun acca

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me ya sa a gidanmu ba a yarda da lissafin baki sai an zuba hatsi an auna a gaban ido, sannan wai a jami'a kuna gardama ko lissafi mutum ne ya ƙirƙire shi ko tarar da shi ya yi. Na yi murmushi, amma na kwana da abin a raina, don tambaya irin wannan takan kai yaro nesa.

Bari in ba ka labarin Janairun 1973, watan da aka kawo naira da kobo. Ina saurayi, ina taya kakanka zama a rumfar hatsi a kasuwar Jos. Sanyi kuwa, ka san na Jos, yatsu ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Mu da muka tashi, fam sule 20 ne, sule kwabo 12, ga sisi, ga taro. Rana ɗaya aka ce fam ya zama naira 2, sule kuma kobo 10.

Sai ga wata tsohuwa da ta saba sayen acca wurinmu. Ta kwance bakin zaninta, aka gaya mata sulenta yanzu goma ne. Ta zauna a kan buhu, idonta ya kawo ruwa, tana cewa an cinye mata biyu a kowane sule. Mutane suka taru, kowa na bayani, ba ta ji. Kakanka bai ce uffan ba. Ya ɗauki mudu ya auna mata daidai abin da sule ke saye jiya, ya ɗora gyara, ya juye mata a ƙwarya. Ta sa hannu ta juya accar, ta ɗaga ƙwaryar ta ji nauyinta, sannan ta yi shiru. Da ta tafi ya ce mini, "An sauya wa jaki suna ne, kayan bayansa suna nan."

Da yamma ya sa na haɗa mudun wake ɗaya da na acca ɗaya a tasa, ya ce in sake aunawa. Ba su cika mudu biyu ba, accar ta shige tsakanin waken. Na ce Baba, ashe ɗaya da ɗaya ba kullum ne biyu ba. Ya ce in kai wa mai sikeli. Nauyin bai ragu ko kaɗan ba. Ya ce mahaifinsa kan ce mudu na mutane ne, adadi na Allah ne, in sun saɓa a tuhumi mai awo.

Sunaye kam mu muka raɗa. Kafin mu ari ashirin daga Larabci, kakanninmu gomiya biyu suke cewa. To amma ka zana hatimi mai gida tara, ka jera 1 zuwa 9 bisa ƙa'idarsa, kowane layi in ka haɗa 15 zai ba ka, ko a Jos ko a Sin. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan irin waɗannan hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Shin a ajinku an taɓa ambatarsa? Kuma husufin rana na 29 ga Maris 2006, an faɗi ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo, muka tsaya a ƙofar gida muka ga hasken ya dushe. Abin da mutum ya ƙaga a kansa, yaya rana za ta yi masa biyayya? Wannan har yau yana sa ni tasbihi.

Abin da ke damuna, ku yanzu ko cinikin naira 300 sai kun ciro waya, abin da ta nuna kuma shi ke nan. Hannunku bai san nauyin tiya ba. In ka zo hutu, mudun kakanka yana nan a ɗakin gwaggonka, wake da acca ma akwai. Ka gaida abokan karatunka.