Filin Gashi da Fata: Tambayoyinku, Amsoshinmu

Assalamu alaikum Anti. Gashina irin mai laushin nan ne mai ɗan lanƙwasa, bai miƙe sambal ba kuma bai nannaɗe irin na ƙawayena ba, mutane na ce min gashin Fulani gare ni. Kullum ina shafa man kaɗanya da man zaitun kamar yadda na ga suna yi, amma nawa sai ya danƙare ya kwanta, bayan kwana uku sai ƙaiƙayi da amosani. In na daina shafawa kuma sai ya tashi buzu-buzu musamman da hunturu. Dan Allah ya zan yi? Daga wata ƙanwarki a Yola.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kina yi wa gashinki gyaran da ba nashi ba ne, shi ya sa. Ita fatar kai tana fitar da mai nata na halitta, a gashin da ya nannaɗe sosai man nan yana shan wahala kafin ya gangaro zuwa baki, shi ya sa ƙawayenki suke buƙatar mai mai nauyi kuma ya karɓe su. Ke naki lanƙwasarsa kaɗan ce, man yana gangarowa da kanshi, to kinga in kika ƙara kaɗanya a kai kullum dole ya yi nauyi ya kwanta. A rabe-raben gashi da Andre Walker, tsohon mai gyaran gashin fitacciyar 'yar talabijin Oprah Winfrey a Amurka, ya fito da shi, naki shi ne nau'i na 2, na yawancin ƙawayenki kuma na 4, tazarar da yawa.

Amosanin ma ina zargin man ne yake ƙara rura shi. Mutane da yawa sun ɗauka bushewar kai ce ke kawo amosani sai su ƙara lafta mai, alhali mafi yawan lokaci wani ɗan naman gwari ne mai suna Malassezia da ke zaune a fatar kowa, abincinsa kuma maiƙo ne, har da man zaitun. Ki sa farce ki ɗan kankaro ki duba a kan baƙin ɗankwali. In ɓawon manya ne masu maiƙo da ɗan ruwan ɗorawa, fatar ta yi ja, har kina ganinsa a gira ko bayan kunne ko gefen hanci, to wannan ne. In kuwa ƙanana ne farare fat kamar gari, suna zuwa da hunturu su tafi da shi, wannan bushewa ce kawai.

In na farkon ne, ki nemi shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin ɗari a kyamis, ki yi amfani da shi sau biyu a sati na tsawon sati 2 zuwa 4, kuma dan Allah ki bar kumfar a fatar kai minti biyar kafin ki ɗauraye, nan ne yawancinmu muke kuskure, a shafa a wanke nan take sannan a ce maganin ba ya aiki. Fatar kai za ki cuɗa da tafin yatsu, ba da farce ba. In ya lafa sai ki koma sau ɗaya a sati ko sati biyu, saboda yana dawowa, ba a rabuwa da shi gaba ɗaya sai dai a riƙe shi.

Sauran kulawar ba ta da wuya. Kwandishina daga tsakiyar gashi zuwa baki kawai, kar ya taɓa fata. Ki taje shi tun yana jiƙe da kwandishinan a jiki, da mataji mai manyan haƙora, ki faro daga baki ki hau sama, in ya bushe kuma ki ƙyale shi don tajewa a bushe ita ce ke wargaza lanƙwasar ya koma buzu-buzun da kike faɗa. Kar ki murje shi da tawul, ki matse da tsohuwar riga ta auduga. Mai kuwa ɗigo biyu uku a tafin hannu ya isa, a bakin gashi. Ni ina son karkashi ga irin gashinki, yauƙinsa na warware gashi ba tare da ya bar nauyi ba, amma ki tace shi da kyau. Abu na ƙarshe, kar ki ɗaure shi yana jiƙe ki rufa ɗankwali da hijabi a kai ki fita, ɗumi da laima su ne abin da amosani yake so. Ki bari ya sha iska tukuna.

Anti na haihu wata uku kenan, gashina yana zuba sosai wallahi, in na yi tsifa sai in cika hannu. Tsoro nake kar in yi sanƙo. Wasu sun ce ruwan zafin jego ne ya jawo. Daga Maraɗi.

Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Kwantar da hankalinki, ba za ki yi sanƙo da wannan ba in sha Allah. Lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi ya sa mai ciki gashinta ke cika, to bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai duk ya zubo lokaci guda. Yawanci kafin yaro ya shekara ya koma daidai. Haka ma yake faruwa bayan zazzaɓi mai zafi irin taifot ko maleriya, ko tiyata, ko tashin hankali mai tsanani.

Kuma ki tuna ko lafiyayyen mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. In kitso ya yi sati uku a kanki duk wanda ya tsinke yana nan maƙale a ciki, ranar tsifa zai fito gaba ɗaya, dole ya ba ki tsoro.

Ga abin da nake so ki yi, da duk mai karanta wannan. Ki ɗauki silin da ya zubo ki ɗora a farar takarda ki kalle shi a haske. In dogo ne kuma akwai ɗan farin ƙulli a gindinsa, daga saiwa ya fito, zuba ce, wani zai tsiro a gurbinsa. In gajeru ne guntu-guntu babu ƙullin, karyewa yake yi, wannan kuma laifin rilaksa ne ko zafin diraya ko tajewar ƙarfi, maganinsu ba ɗaya ba ne. In zubar ta wuce wata shida ba ta ragu ba, ko kina jin jiri da gajiya da bugun zuciya, ki je asibiti a auna jininki a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe da kuma aikin ƙwayar maƙogwaro da likitoci ke kira tayiroyid, duka biyun suna zubar da gashi kuma suna yawan samun masu jego. Kar ki shafa maganin tsiro da gashin nan minoxidil kina shayarwa sai likita ya ce.

Gashin goshina da na gefen kunne ya cinye tas, na shafa mayuka kala-kala ba canji. Ina yawan yin ƙananan kitso da ƙarin gashi. Daga Kaduna.

'Yar'uwa ke da kanki kin faɗi dalilin. Ja ne. Wannan tambayar ita ce ta fi damuna a cikin duk wanda ake turowa, don abu ne da ake iya karewa amma sai an makara ake tambaya. Duk kitson da ya sa kika kasa runtsa ido ko kika sha maganin ciwon kai a daren farko, ko kika ga ƙananan ƙuraje a layin goshi, to yana tumɓuke saiwa ne, ki tsefe shi ko da nawa kika biya. Da farko gashin yana dawowa in an bar shi ya huta, amma in aka yi shekaru ana ja sai saiwar ta mutu wajen ya yi tabo, daga nan babu man da zai tsiro da shi, ko nawa ne kuɗinsa.

Ki duba wajen a madubi. In akwai ƙananan gashi masu laushi da ramukan gashi, ana sa rai sosai zai dawo. In ya yi sumul yana sheƙi, ki je wajen likitan fata da wuri, akwai su a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki bar ƙarin gashi na 'yan watanni, ki yi manyan kalaba sako-sako, ki gaya wa makitsiya kai tsaye ta bar miki na goshi kar ta kama shi, in ta ji haushi ta ji. Ki lura da ɗaurin ɗankwali da hular cikin hijabi ma, in suna matse waje ɗaya kullum su ma suna ci. Sannan iyaye mata, ku ji tausayin yaran nan, yarinya 'yar shekara huɗu ana danne ta tana kuka saboda kitson sallah, tun daga nan goshin yake fara tafiya.

Yarona ɗan shekara shida ya samu wani zagaye a kansa, gashin wajen ya karye yana ɓawo fari. Na shafa man shafawa na kyamis sati biyu, sai ma faɗi yake. Daga wani uba a Gusau.

Malam, wannan ya yi kama da ƙora, wato makeron kai, kuma shafe-shafe ba ya kashe ta don ƙwayar cutar tana cikin silin gashin ne har saiwa. Sai an sha magani, irin griseofulvin na sati 6 zuwa 8 ko terbinafine, gwargwadon nauyin yaro, saboda haka ka kai shi asibiti a auna shi a rubuta maka, kar a yanka da ka. Ka dakatar da wancan man, da yawa daga cikin mayukan kyamis masu haɗin magani uku ɗin nan suna da sitiroyid, yana kwantar da ƙaiƙayi amma cutar na ƙara yaɗuwa a ƙarƙashi. In wajen ya kumbura yana ruwa ko mugunya, ka gaggauta, irin wannan yana barin tabo.

Tana yaɗuwa ta abin aski da mataji da hula da matashin kai, don haka a duba 'yan'uwansa, a raba musu kaya, in da hali ka saya masa abin askinsa. In da zagayen sumul yake babu ɓawo babu ƙaiƙayi, da wata cutar ce daban wadda garkuwar jiki ke kai wa saiwar gashi hari, ita ba ta yaɗuwa.

Da gaske chebe da ƙwayoyin biotin suna sa gashi tsawo? Daga Maiduguri.

Gashi yana tsirowa kusan santimita ɗaya a wata, da chebe da babu. Abin da matan Chadi masu amfani da garin chebe suke samu shi ne gashin ba ya karyewa don kullum a lulluɓe yake da mai a cikin kitso, sai tsawon ya taru. Ki shafa a jikin gashi ban da fata, in kuma naki mai laushi ne irin na ƙanwarmu ta Yola zai yi masa nauyi. Biotin kuwa, wani nau'in bitamin ne, sai mai ƙarancinsa yake yi wa amfani, kuma su ba su da yawa, sannan yana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini har da na tayiroyid, to in kina sha ki sanar da likita kafin a ɗebi jininki.