Motar Amurka ko ta Japan, wacce ta fi ƙarko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da yayana mun daɗe muna musu, shi ya kafe cewa motar Amurka wahala ce kawai, in mutum na son kwanciyar hankali ya sayi ta Japan, ni kuma gani nake yayi kawai mutane suke bi, don ai ƙasar da ta fitar da Ford ba za a ce ba ta iya ƙera mota ba. Don Allah a raba mana gardama, in kuma shi ke da gaskiya a faɗa mana dalili.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yayanka ya fi ka kusa da gaskiya, musamman in ana maganar ƙananan motoci da matsakaita. Akwai ƙungiyar Consumer Reports a can Amurka, duk shekara suna tambayar masu motoci irin matsalolin da suka samu, kuma shekara da shekaru Toyota da Lexus da Honda da Mazda da Subaru na Japan ne ke yawo a saman jerin, su Jeep da Chrysler na Amurka kuwa galibi can ƙasa ake samunsu. Ka ga kenan Amurkawan ne da bakinsu suke faɗa.

Dalilin kuma ba wai ƙarfen Japan ya fi kyau ba ne, tsarin aiki ne. A 1950 wani Ba'amurke masanin lissafi, Edwards Deming, ya je Japan ya koyar da masu masana'antu yadda ake kama kuskure tun a wurin ƙira maimakon a jira kaya su fito sannan a tsince marasa kyau, Japanawa suka riƙe karatun nan hannu bibbiyu, a Amurka kuwa sai wajen 1980 aka waiwaye shi. A Toyota, Taiichi Ohno ya gina tsarin da ƙaramin ma'aikaci in ya ga noti bai zauna daidai ba zai ja igiya, shugabansa ya zo, in abin bai gyaru ba a tsayar da layin har sai an gano tushen matsalar. A masana'antun Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, a wancan zamanin kuwa tsayar da layi babban laifi ne, a bar motar ta wuce da aibinta wai a gyara daga baya, to wani aibin an riga an rufe shi da kujera da kafet, sai mai saye ne zai gano shi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne labarin masana'antar Fremont a jihar Kalifoniya. Ta kamfanin General Motors (GM) na Amurka ce, ta yi ƙaurin suna wajen fitar da motoci masu matsala har aka rufe ta a 1982, sai a 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka maido da yawancin tsofaffin ma'aikatan nan, aka kai wasu Japan horo, cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin GM. Mutanen dai su ne, ginin ma shi ne, tsari kawai aka canza. Ƙari a kan haka Toyota ba ta da gaggawar canza abu, inji ɗaya sai ya yi shekaru ana ɗan gyaggyara shi kafin a yi sabo, shi ya sa Corolla da aka fara a 1966 ta haura miliyan 50 a ciniki.

Amma kar yayanka ya ɗauka duk abin da ya fito daga Japan tsarkakakke ne. Kamfanin Takata na Japan ne, kuma jakar iskarsa ta kariya ce ta riƙa fashewa tana watsa wa mutane gutsuren ƙarfe, aka yi asarar rayuka, a Amurka kaɗai aka janye kusan miliyan 67, kamfanin ya durƙushe a 2017. Toyota kanta a 2009 da 2010 ta kira miliyoyin motoci a dawo da su saboda totur da ke maƙalewa, a 2014 ta biya gwamnatin Amurka dala biliyan 1.2. Nissan ta sha kuka kan giyabos ɗinta na CVT, wanda bel ɗin ƙarfe ne ke aiki a cikinsa a madadin haƙoran giya, har sai da ta tsawaita garanti. A ɓangaren Amurka kuma akwai giyabos ɗin PowerShift na Ford Focus da Fiesta mai fizga da kakkarwa, da matsalar makullin GM da ta fallasa a 2014, wanda mota kan mutu ana cikin gudu, wannan kam abin takaici ne ƙwarai don an daɗe da sanin matsalar a cikin kamfanin.

Inda kai ma kake da gaskiya shi ne manyan motoci. Ford Crown Victoria da 'yan sanda da masu tasi na Amurka suka yi ta azabtarwa dare da rana har aka daina ƙera ta a 2011, injinta V8 mai lita 4.6 jaki ne wajen jure wahala. Haka injin 3800 na Buick, haka manyan a-kori-kura irin su F-150 da Silverado, nan fagen Amurkawa ne, mai dai motocin suke sha. Ita ma Toyota a 2024 sai da ta kira sababbin Tundra da Lexus LX kimanin dubu 100 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina shirin sayen Camry ta hannu, sai aka ce min wai a Amurka aka haɗa ta don haka ba ta kai ta Japan ba, abin ya sa ni kokwanto. Gaskiya ne? Kuma me ya kamata in sa a duba min?

AMSA: Barka kadai Hajiya. Kar wannan ya dame ki, Toyota na haɗa Camry a garin Georgetown na jihar Kentaki tun 1988, Honda ma a 1982 ta fara haɗa Accord a Ohayo, kuma yawancin waɗanda suka yi sunan ƙarko a kasuwar Amurka daga can suka fito. In kina son sani, duba lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, in ta fara da J to Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 kuma Meksiko. Wani lokacin ma sunan ne kawai ya bambanta, Pontiac Vibe sunanta na Amurka amma inji da giyarta na Toyota ne, 'yar'uwar Toyota Matrix ce.

A motar hannu abin da ya fi damuna shi ne wanda ya riƙe ta kafin ke, don Camry da aka yi ta ja ba a juye baƙin mai a kan kari wallahi gara Buick da mai ita ya kula da ita. Ki je da bakaniken da kika yarda da shi, ya tada ta da sanyin safiya kafin inji ya ɗumama ya ji ƙara ya ga kalar hayaƙi, ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai daskararren datti, ya leƙa lagireto ko mai ya haɗu da ruwa, ya shiga ƙarƙashi ya duba tsatsa don jihohin da ake dusar ƙanƙara gishiri suke zubawa a titi kuma yana cin ƙarfe sosai, sannan a hau titi a ji yadda giya ke shiga daga ta ɗaya har ta ƙarshe, a jona na'urar kwamfuta a ga abin da za ta nuna. Ki kuma sa lambar shasin a shafin hukumar NHTSA ta Amurka mai kula da kariyar ababen hawa, kyauta ne, zai nuna miki in akwai gyaran da kamfani ya yi kira a kai ba a yi ba, musamman na jakar iskar Takata in motar ta kwana biyu.