Muryar Baban Ummi kan macijin da Abba ya sayo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maman Abba ina wuni, ya yara ya zafin Jidda. Tun la'asar na saurari muryarki ina kan hanya ne shi yasa ban amsa ba. Kince Abba ya sayo dan maciji a Haraj, wato kasuwar gwanjo, yau kwana tara yaki cin komai, idonsa yayi fari-fari kamar mai yana, kina tsoron ko makancewa yayi ko mutuwa zai yi miki a daki. Toh ki kwantar da hankalinki, saba zai yi. Haka suke, jikin ya dushe idon yayi kamar an diga madara, don shi maciji baya kifta ido, wani bawo ne a kan idon kuma tare da sabar yake fita. Kwana uku hudu idon zai washe, bayan wasu 'yan kwanaki ku wayi gari ku ga ya tube rigar ya ajiye. Yanzu baya gani sosai, a kyale shi, kada Abba ya dinga daukarsa yana nuna wa abokai, abincin ma a dakata. A samu 'yar roba mai murfi a huda mata kofa, a sa tsumma mai danshi a ciki, da kansa zai shiga. In ya gama ku duba sabar da kyau, bawon idon nan biyu sun fita? Karshen wutsiya ya fita? Don in tsohuwar fata ta makale a wutsiya daure ta take har jini ya daina kaiwa.

Na ga hoton, shi ne wanda Turawa ke kira macijin masara. Dan kudu maso gabashin kasar Amurka ne, wajen su Fulorida da Jojiya, bera yake bi har rumbunan hatsi. Bashi da dafi ko kadan, ba kububuwa bane ba gamsheka ba, nade bera yake ya matse irin yadda mesa take yi. Na sani, wanda maciji ya sara in yaga tsumma gudu yake, ni ma Maman Ummi wata biyu cur bata taka dakin da nawa yake ba.

Amma abinda nake so ki rike shi ne zancen zafi, don shi ya kusa kashe min nawa. Bidiyoyin da Abba yake kallo a YouTube yawanci mutanen Ingila da Amurka ne, su sanyi suke yaki da shi, sai yaro yaje ya sayo kwan fitila mai zafi ya kunna wa maciji a garin da kwalta ke narkewa. Abinda yake so akwatin ya rabu biyu, gefe daya digiri 28 zuwa 30, daya gefen 22 zuwa 25, shi zai zabi inda zai kwanta, kuma kowane gefe a sa masa wajen buya. Mu kuwa dakunanmu ko mukayyif, wato AC, na kan 18 kana rawar dari, ko an kashe dakin ya zama gidan biredi. Shekarar da na samo nawa mun tafi ziyara Madina kwana uku a watan Agusta, nace bari na kashe mukayyif na rage kudin kahraba, wato wutar lantarki, wallahi da muka dawo a cikin kwanon ruwa na tarar da shi ya saki jiki kamar igiya, sai da yayi kusan wata daya kafin ya sake karbar abinci. Tun ranar mukayyif dakin baya mutuwa, 24 nake barinsa. Iskar kada ta dinga bugun akwatin kai tsaye, kada a ajiye shi bakin taga inda rana ke fadowa, sai 'yar shimfidar dumi a karkashin gefe daya amma dole da tamostat mai yanke wuta in zafi ya kai, in ba haka ba kona masa ciki zata yi. Sannan mukayyif busar da iska yake, shi yasa sabar macizanmu a nan take fita gutsi-gutsi, kinga amfanin robar danshin da na fada.

Abinci bera ne, daskararre ake sayarwa, a narkar a ruwan dumi ba a maikirowef ba. Karami irin nasa jaririn bera daya duk kwana 5 zuwa 7, in ya girma duk kwana 10 zuwa 14. Kada a bashi mai rai, bera na cizon maciji ya ji masa ciwo. Bayan yaci a bar shi kwana biyu ba dauka, in ba haka ba amai zai yi. Nasan ba zaki yarda a jera bera kusa da kajinki a tallaja, wato firij, ba, haha, ni sai da na sayi karamar firiza daban kafin a zauna lafiya. A kasan akwatin takardar tishu ma ta isa yanzu, banda dusar katako ta wajen kafinta. Kuma duk wanda ya taba shi ya wanke hannu da sabulu, suna dauke da kwayar cutar salmonela, a kula da 'yar autarki.

Murfin kuma a sa masa makulli, don Allah. Duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi, in ya sulale gidan makwabta ba wanda zai tsaya tambayar yana da dafi ko babu, haris, wato mai gadi, za a kira, daga nan sai mai gida. Zancen takardar izini ma Baban Abba ya bincika wajen hukumar kula da namun daji ta kasar nan tun yanzu.

Sai ki zaunar da Abba ki tambaye shi abu daya. Wannan abin da kike gani kamar igiyar takalmi zai kai mita daya da wani abu, kuma shekara 15 zuwa 20 yake yi. Mu da muke zaune kan ikama, wato takardar izinin zama, ranar da aka buga huruj, wato bizar fita, ba jirgin da zai daukar maka maciji zuwa Kano, wa zai bar wa? Ki turo min hoton akwatin gaba daya da inda mukayyif yake, in Allah ya kaimu Juma'a bayan masallaci zan biyo na duba.