Hukuncin sana'ar cike wa mutane takardun haraji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, ina tuƙin tasi. Na yi karatun lissafin kuɗi, kuma ina son in buɗe ɗan ofis in riƙa cike wa 'yan uwanmu takardun harajin shekara suna biyana. Wani abokina ya ce haramun ne, wai hadisi ya ce mai haraji ba zai shiga Aljanna ba. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, asalin wannan sana'a halal ce. Wakilci ne da lada: mutum bai iya cike takarda ba, ko yana tsoron kuskure, ya ɗauke ka ka yi masa, ya biya ka.

Hadisin da abokinka ya kawo yana cikin Abu Dawud da Ahmad, lafazinsa "sahibu maks". Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anar ta tabbata a Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce matar nan Bagamidiya, wadda ta kawo kanta a tsayar mata da haddin zina, ta yi tuban da ko mai karɓar maks ne ya yi shi da an gafarta masa. To mene ne maks? Kuɗin da ake tare mutane a kasuwa ko a hanya a ƙwace ba da haƙƙi ba. Irinsa Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soka a Kitabul Farƙi da ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla. Shi kuwa harajin da hukuma ta ɗora don maslahar jama'a, Gazali da Shaɗibi sun halatta shi da sharuɗɗa. Kai ma ko a wannan saɓanin ba ka shiga ba, domin ba kai ke karɓa ba. Kana gefen mai biya ne. Dokar ƙasar da kuka shiga da alkawarin aminci ta wajabta masa miƙa takardarsa kafin 15 ga Afrilu, kai kuma kana taimakonsa kada ya biya fiye da abin da ke kansa, kada a ci shi tara.

Inda nake ji maka tsoro daban ne, kuma a nan nake son ka buɗe kunne. Kwastomominka 'yan gida ne. Wani zai zauna gabanka ya ce, "Malam, sa mini 'ya'yan ƙanena da ke Kumasi a cikin waɗanda nake riƙo, ai ni nake ciyar da su." Wani direba zai ce ka ƙara masa kuɗin mai da gyaran mota, ka rage abin da ya samu a hannu. Ranar da ka ƙi, za a ce wane da ke ƙasan layi yana yi, kuma rarar harajin da hukuma ke mayar wa mutanensa ta fi yawa. Wannan shi ne shaidar zur, wadda Allah ya haɗa haninta da hanin bautar gumaka a aya ta 30 cikin Suratul Hajji. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu, kuma kasancewar hukuma ba ta Musulunci ba ce bai mayar da ƙarya halal ba. Duk rangwamen da doka ta ba mutum, ka tono masa shi har kwabon ƙarshe, wannan nasiha ce kuma akwai lada. Abin da doka ba ta ba shi ba, kada alƙalaminka ya rubuta. Ka tuna a ƙasan takardar kai ma kana sa hannu cewa gaskiya ce iyakar saninka.

Sai maganar lada. Ka yanke farashi sananne kafin a fara aiki. Ɗaura ladanka a kan kaso na kuɗin da za a mayar wa mutum akwai jahilcin lada a ciki, wato rashin sanin adadinsa, wanda ke ɓata ijara (yarjejeniyar aiki da lada) a wurin jumhurun malamai, kuma shi ne ƙofar da zari ke shigowa: kowane adadi ka kumbura, aljihunka ne ya ƙaru.

Game da riba a rarrabe abu biyu. Idan banki ya aiko wa mutum takardar kuɗin ruwan da ya samu ko ya biya a bashin gida, kai ka shigar da adadin, wannan ba da labarin abin da ya riga ya faru ne, ba ka zama marubucin riba da aka la'anta a hadisin Jabir ba. Amma bashin nan da wasu ofisoshi ke haɗa wa mutane, a ba su kuɗi tun kafin hukuma ta mayar musu, in akwai ƙari a kansa riba ce tsantsa. Kada ka tallata shi, kada ka rubuta yarjejeniyarsa.

Kada kuma ka fara sai ka iya. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta wajabta wa duk mai wannan aiki don kuɗi ya mallaki lambar shaidar mai cike takardun haraji da ake kira PTIN, ya sabunta ta duk shekara, ya sa ta a kowace takarda. Masu cikewa su ƙi sa sunansu, su bar kwastoma da wahala in bincike ya zo, maciya amana ne. Sirrin dukiyar mutane ma amana ce. Ba a kai shi hira ƙofar masallaci.

In wani ya tambaye ka ko harajin da ya biya ya ɗauke masa zakka, ka ce masa a'a, zakka na nan a kansa da masu haƙƙinta takwas da Suratut Tauba ta lissafa.

Da waɗannan sharuɗɗa, buɗe ofishinka, Allah ya sa albarka. Wallahu a'alam.