Ƙanwata, ga abin da na gani a shekara 26 a asibitin gwamnati

Ƙanwata, da farko Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce kun kai ta asibitin gwamnati da daddare numfashinta na sama-sama, kuka kwana a baranda babu gado, da gari ya waye aka miƙo miki takarda ki je waje ki sayo komai, har da safar hannu da sirinji. Kina tambaya shin ma'aikatan ne ba su da tausayi, ko kuwa wani abu ne daban ke damun asibitocin nan. Ni ungozoma ce, na yi shekara 26 ina wannan aiki, yawanci a ƙananan asibitocin karkara, daga baya a babban asibiti, kafin na yi ritaya.

Ba zan wanke mu ba. Akwai mai yi wa mace tsawa tana naƙuda, akwai mai sa hannu a littafin zuwa aiki ya sulale zuwa asibitinsa na kuɗi. Ni kaina akwai daren da na ɗaga wa wata baiwar Allah murya, har yau idan na tuna sai zuciyata ta sosu. Amma da za a sallami duk masu mugun hali gobe, Mama za ta sake kwana a baranda, domin abin da ya hana ta gado ya faro ne tun daga nesa da wannan barandar.

Babban asibiti yana cika ne saboda ƙananan sun mutu. Tun 1978, a taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata, ƙasashen duniya suka amince cewa tushen kiwon lafiya shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da gida: awon ciki, rigakafi, gwajin hawan jini da na suga, maganin zazzaɓi tun bai yi nisa ba. Idan wannan mataki ba ya aiki, mai ciwon kai da mai ciwon ƙoda duk layi ɗaya suke bi, kuma mai hawan jinin da ƙwaya ɗaya a rana za ta riƙe shi sai ya zo a sheme da shanyewar ɓarin jiki, ya riƙe gado wata guda.

Na yi aiki a wani asibitin sha-ka-tafi da aka sabunta gininsa, aka yi fenti, aka zo aka yanke ƙyalle. Bayan an watse, mu biyu aka bari. Ba a ware mana kuɗin sabulu ba, balle na mai ko na gyaran famfo. Gini ana ganinsa a hoto, shi ya sa ake son yin sa. Man janareta kuwa babu mai ɗaukar hotonsa.

A wannan asibitin ne aka kawo mini wata mata wajen ƙarfe ɗayan dare, ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Da tocila na duba ta. Allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, oksitosin, tana buƙatar sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuma firjinmu ya yi makonni babu wuta. Na yi mata, na ƙara, ina murza cikin, jinin bai tsaya yadda ya kamata ba. Motar asibiti tana nan a fake, babu mai. Kafin mijin ya samo mota an yi kusan awa biyu. Da muka isa babban asibiti babu jini a ajiye, sai a nemo ɗan'uwa a gwada a ɗiba. Tana kan gadon turawa rai ya yi halinsa. Jaririyar ta rayu. Duk wanda ya taɓa wannan mata a daren ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma abubuwan da suka rasa ba masu tsada ba ne: wuta, mai, leda biyu ta jini. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 287,000 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a shekarar 2020, kimanin 82,000 daga cikinsu a Najeriya. Idan na ji wannan adadi fuskarta nake gani.

Takardar da aka miƙo miki kuma tana da nata asalin. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika shi. Kason lafiya a kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe yana yawo wajen kashi 5, kuma abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban. Ragowar a kan majinyaci yake faɗawa: sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. To wanda ya san haka, ya zai yi ya garzaya asibiti da wuri? Kemis zai fara zuwa ya sayi rabin magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kawo shi, ya rasu a hannunmu, danginsa su koma gida da labarin cewa asibiti wurin mutuwa ne, na gaba ya ƙara jinkiri.

Ma'aikatan ma tafiya suke. Waɗanda na horar da hannuna da dama suna Ingila da Saudiyya yanzu, kuma ban ga laifinsu ba. Nas ɗin da ta ƙi ɗago kai ta kalle ki, mai yiwuwa aikin mutum uku take yi a daren.

Kada ki ɗauka talauci ne kawai, domin akwai waɗanda ba su fi mu arziki ba suka motsa. Habasha ta fara a 2003 tana horar da 'yan mata aikin kiwon lafiya shekara guda, tana tura biyu-biyu zuwa ƙauyukansu da albashi. Ruwanda ta shigar da mafi yawan jama'arta inshorar lafiya ta al'umma. A Najeriya ma dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani ɓangare yana shiga asusun ƙaramin asibiti kai tsaye. Na ga asibitin da ɗan wannan kuɗin ya sa aka gyara rijiyar burtsatse aka sa firji mai aiki da hasken rana, mata suka dawo haihuwa. A wurin, kwamitin unguwa yana zama yana duba takardun abin da ya shigo da abin da aka kashe. Inda babu mai tambaya kuwa, ban ga canji ba.

Game da Mama: gobe da safe, lokacin zagayen likitoci, ki tsaya kusa ki nemi a faɗa miki sunan ciwon da aikin kowane magani, ki rubuta. Idan an bar ta babu kulawa, ki nemi shugabar nas ta ɗakin, ki yi mata magana a natse. Ki tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko akwai rangwame, ki kuma bincika rajistar inshorar lafiya, tunda dokar 2022 ta tanadi tallafi ga marasa ƙarfi. Idan an sallame ta, kada a yar da katin, kuma a riƙa kai ta awon jini ko da ta ce ta warke. Ki sanar da mu yadda ta kwana.