Wai da gaske an taɓa sayar da kujerar Fafaroma?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Muna hira da ƙawata sai take ce min wai a da can a Turai da kuɗi ake sayen muƙamin bishop (babban limamin coci), har kujerar Fafaroma ma an taɓa sayarwa, ni dai na ce ban yarda ba. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar uwa, ƙawarki ce da gaskiya. Abin har suna gare shi, simoni, daga sunan Siman mai sihiri na Samariya, wanda Ayyukan Manzanni sura ta 8 a Littafi Mai Tsarki ta ce ya miƙa wa manzannin Yesu kuɗi su ba shi ikon ɗora wa mutane hannu su karɓi Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa ya hallaka shi da kuɗin nasa. Majalisar Kalsidon, wani babban taron shugabannin coci, ma ta haramta naɗi don kuɗi tun 451. To amma fa bishop a lokacin ba wa'azi kawai yake ba, yana da gonaki da haraji da kotu, shi ya sa masu hannu da shuni suka yi ta rububi.

Maganar Fafaroma kuwa a 1045 ne, Benedict na 9 ya karɓi kuɗi ya sauka ya bar wa ubangidansa na baftisma kujerar, wato Gregory na 6, shi ma bai daɗe ba, a 1046 aka sauke shi a taron shugabannin coci na garin Sutri a Italiya.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne na Albrecht a Jamus. A 1514, saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga kujerun bishop na Magdeburg da Halberstadt a hannunsa, ya ce sai ya haɗa da ta Mainz, kuɗin da Roma ta nema kuma ba shi da su, sai ya ci bashi wurin attajiran gidan Fugger na Augsburg. To wa zai biya? Talaka mana. Aka baza masu sayar da takardun sassaucin horon zunubi irin su Tetzel gari gari, ana karɓar 'yan kuɗin tsohuwar da ke tsoron iyayenta na shan azaba bayan mutuwa, rabi a kai ginin cocin Bitrus a Roma rabi a biya bashin Albrecht, wallahi abin tausayi. Wannan cinikin ne ya sa Martin Luther, wani malamin coci a Jamus, rubuta batutuwansa 95 a 1517, kuma ya aika wa Albrecht ɗin da su tare da wasiƙa.