Abin da ke sa mutum ya bar gidansa lokacin ambaliya

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa wasu mazauna birni ke kwashe iyalansu da zarar an yi gargaɗin ambaliya, wasu kuwa su zauna. Mutum yakan tashi ne idan ya gaskata wanda ya kawo masa labarin, kuma ya san inda zai sauke iyalinsa. Sanarwar rediyo ba ta kai nauyin maganar mai unguwa ko liman ba, balle ganin maƙwabci yana ɗaure kaya.

Abin da na lura da shi a nan Sakkwato tun ambaliyar 2010, wadda ta katse hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo bayan Kogin Rima ya cika ya batse, shi ne tsoron dukiyar da za a bari. Magidanci mai tumaki da buhunan gero ba ya iya kwana a ajin firamare inda ake tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora yana tunanin ɓarayi, sai ya tura mata da yara gidan dangi a kan tudu, shi kuwa ya tsaya gadi. A gidan ƙasa wannan ganganci ne, domin katanga takan faɗi tun ruwa bai kai gwiwa ba.